Gwiwata da Likkafanin Ajingi

Salamu alaikum masu karatu, da masu leƙowa ba sallama, da ke matar bayan masallacin unguwarmu da kike karantawa a ɓoye kina cewa ba ki san ina rubutu ba. Duk na gaishe ku. Ku gyara zama, yau ba labarin gidan kowa na ɗebo ba, na gidanmu ne.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Asama'u, a Gaya an fi sanina da Inna Ma'u mai ƙuli. Shekaruna kuwa ku bar su inda Allah ya ajiye su. Maigidana ya daɗe da rasuwa, ina zaune a gidan ɗana na fari. Ba na kama sunansa da bakina, amma rubutu ai ba faɗa ba ne: Inuwa. Matarsa Hussaina ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a nan cikin gari, yarinya mai kunya kamar ta nutse in mun haɗa ido.

To, ina da bazawari.

Ku yi dariyarku ku gama, ina jira.

Sunansa Malam Abdulmuttalib, mutumin Ajingi, mai sayar da gyaɗa. Shekara da shekaru a wurinsa nake auno gyaɗar ƙuli, ban taɓa kallon fuskarsa ba sai mudunsa. Da matarsa ta rasu sai na lura in ni ce mai saye, cika mudun yake yi har yana zuba a ƙasa. Daga nan aka koma saƙon murya a waya. Bawan Allah bai iya riƙe madannin ba. Sai ka ji, “Salamu alaikum wa rahmatullah, Hajiya Asama'u, da fatan...” shi ke nan ya yanke. Na biyun kuma ya yi tsawo, amma ba komai a ciki sai kukan akuya da tarinsa. Ni kuwa sai in saurari tarin nan har ƙarshe. Hajiya yake ce min, ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba.

Ranar da maganar ta kai kunnen Inuwa, tuwo yake ci, sai ya tsame hannunsa.

“Inna, don girman Allah, me aka rage ki da shi a gidan nan?”

“Ba a rage ni da komai ba.”

“To aure na mene ne?”

“Kai naka na mene ne?”

Hussaina ta ɗauki kwano ta shige ɗaki da sauri, ina jin ta tana ƙwarewa.

Ya ce, “Inna, ki dubi kanki. Salla a kan kujera kike yi. In kika zauna a tabarma sai mun kama ki mu biyu. Wa zai riƙa kama ki a Ajingi? Kuma kin san yayarsa Gaji? Mata biyu ya nema kafin ke, duk ita ta kore su, don sun gaishe ta a tsaye. Ta ce macen da ba ta durƙusa mata ba, ba za ta shiga gidan ƙaninta ba.”

Gaskiya ya faɗa. Labarin Gaji ni na fara kawo shi Gaya ma, ban san kaina nake haƙa wa rami ba.

“Ranar da kika durƙusa har ƙasa kika gaida mutane, kika tashi da kanki ba a kama ki ba,” in ji shi, “ranar sai a yi maganar.” Ya mayar da hannunsa cikin tuwo, hankali kwance, don ya san gwiwata. Wadda ta ƙare ƙuruciyarta a gindin turmi da kaskon suya, gwiwarta ba ta da sauran bashi a kanta.

Bari in gaya muku abin da ban gaya masa ba. Ba a rage ni da tuwo ba, ba a rage ni da sabulu ba. Amma a gidan nan na zama kamar tsohuwar randa: ba a fasa ta, ba a kuma zuba mata ruwa. Kowa “sannu Inna”, ya wuce. Mutumin Ajingi kuwa tambayata yake me na ci, kuma ya tsaya ya ji amsar. Wanda bai tsufa ba, ba zai gane ba.

Bayan kwana biyu Inuwa ya tafi gonarsa ta wajen Balan, sai ga Hussaina a bakin ƙofata, ta durƙusa, tana murza bakin mayafi.

“Inna, in ba za ki ji haushi ba.”

“Faɗi. In na ji ma zan huce.”

“Lokacin da na haifi Ummi bayana ya riƙe, masu gashin ƙashi a Kano suka koya min wani motsa jiki. Yoga ake ce masa. Asalinsa na mutanen Indiya ne. Ba gudu, ba tsalle, miƙe jijiyoyi ne a hankali da jan numfashi.”

“Zai durƙusar da ni?”

“Ba zai ba ki sabuwar gwiwa ba, Inna. Amma naman da ke riƙe da ita zai yi ƙarfi, jijiyoyin su saki. In Allah ya yarda.”

“Mijinki ya sani?”

Ta sunkuyar da kai. “Baban Ummi bai hana ba.”

“Kin tambaye shi?”

“A'a.”

Tun ranar na san yarinyar nan 'yar albarka ce.

Sai dai ban yarda na fara ba sai da na tare Malam Uthman, limamin unguwarmu, a hanyar Islamiyya. Na ce, “Allah gafarta Malam, wata ƙawata ce take tambaya.” Na kwatanta masa abin. Ya ce in dai miƙe jiki ne da numfashi don lafiya, ba a kiran sunan wani abin bauta, ba a rusuna wa kowa, kuma a cikin sutura, to ba laifi. Har na juya sai ya ƙara da cewa, “Ki gaida ƙawar taki, Inna Ma'u. Ki ce mata ta bi gwiwar hagun nan a hankali.” Malamai ma gulma suke yi, sai dai tasu da ladabi.

Muka fara. Da hantsi, in an watse, sai mu sa sakata, mu shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, Hussaina ta jingina wayarta a jikin turmi. A ciki wata farar mata ce siririya kamar karan dawa, tana lanƙwashewa kamar ba ƙashi a jikinta. Na ce, “Wannan ai ba ta taɓa haihuwa ba.” Hussaina ta ce ba ita za mu bi ba, na tsofaffi za mu yi, da kujera.

Da numfashi aka fara. Ni da nake numfashi tun kafin a haifi uwarta, wai yau za a koya min. A ja ta hanci a hankali har ciki ya taso, a sake shi a hankali. Na ce wannan wasan yara ne. Kafin in ankara kafaɗuna da suke manne da kunnuwana sun sauko da kansu.

Sai na kyanwa: ka dafa ƙasa da hannu da gwiwa, an sa maka matashi, ka ganƙare baya sama, ka sake shi ƙasa. Ku yi tunanin suruka tana ce wa uwar mijinta, “Inna, ɗan ɗaga ƙugun.” Idonta a rufe take faɗa. A nan ne cikina, wanda ya saba yin kwanaki bai ce komai ba, ya yi magana da babbar murya. Kajin gidan suka watse. Hussaina ta ce, “Alama ce mai kyau, Inna,” hawaye na zubo mata don riƙe dariya. Na ce, “In na ji wannan a bakin wani, ke ce.”

Akwai tsayuwar zalɓe, ƙafa ɗaya a ƙasa, hannu a jikin bango. Akwai zama da tashi a kan kujera ba dafawa, wanda shi ya fi cin raina. Akwai wani wai na kare, na ce ba zan yi ba, ban haɗa komai da kare ba. A ƙarshe kuma sai a miƙe a rigingine, ƙafa a sake, hannu a gefe, ido a rufe, a yi shiru. Hussaina ta ce sunansa kwanciyar hutu. Wannan kam na iya shi tun ranar farko.

Kada in yi muku ƙarya, makon farko kamar an yi min dukan sakwara. Na rantse na daina ya fi a ƙirga. Amma sannu ba ta hana zuwa. Abin da ya fara canzawa barci ne: ni da nake kwana ina juyi ina ƙirga azarar ɗaki, sai ga ni kiran salla ke tashina. Ciwon ƙugun da nake ɗaure wa ɗankwali ya fara sassautawa. Zuwa ban-ɗaki ya daina zama yaƙi. Na je gidan suna a ƙafa na dawo ban tsaya haki a gindin kowace bishiya ba. Hussaina ta ɗaura min abin awon jini ta ce ya ɗan sauko. Na ce to a zubar da ƙwayoyin nan. Ta ce, “A'a Inna, wannan taimako yake yi wa magani, ba ya korar sa.” Gwiwar hagu kuwa tana nan da halinta, in na lanƙwasa ta sai ta yi ƙara kamar an taka busasshen ƙuli.

Wata la'asar, bayan damina ta kankama, na ture kujerar salla gefe na ce bari in gwada. Na sauka a hankali, na sauka, sai na ji goshina a kan darduma. Jama'a, na manta yadda ƙasa take da sanyi a goshi. Na daɗe a sujadar nan. Abin da na faɗa a ciki tsakanina da Ubangijina ne, wannan kam ba na gulma ba ne. Tashin dai sai da na dafa gado. Shi ya sa ban gaya wa Inuwa ba, na ce sai na iya tashi ba dafe-dafe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga inda tsiyar take.

Ranar kasuwar Ajingi ce, Hussaina na wurin aiki, Ummi na makaranta, Inuwa na gona. Na yi motsa jikina ni kaɗai, na manta ban sa sakata ba. Da na zo kwanciyar hutu sai ƙudajen damina suka dame ni, na jawo farin mayafina daga kan igiya na lulluɓa tun daga kai har ƙafa. Jiya na yini suya, ga iska mai sanyi. Barci ya sace ni.

Maƙwabciyata Amarya ta shigo aron rariya. Ita wannan tun zamanin da aka kawo ta unguwar ake ce mata Amarya, yanzu jikokinta sun yi aure sunan bai sake ta ba. Ƙawata ce, kuma abokiyar gasata: duk labarin da ya faɗo a Gaya, ko ni ko ita. Ta yi sallama ba amsa. Ta ga mutum a miƙe samɓal cikin farin mayafi. Ta taɓa ɗan yatsan ƙafata ta ji sanyi. Amarya kuwa tsoron gawa gare ta kamar me. Ba ta buɗe fuska ba, ta fita da baya da baya. Kuma kafin ta gaya wa liman, sai da ta kira 'yarta da ke aure a Ajingi. Ba zan zage ta ba, in ni ce ma haka zan yi. Babban labari ba a bari wani ya riga ka.

Ni dai muryoyi suka tashe ni. Na farka a ƙarƙashin mayafi na ji salati ƙasa-ƙasa, da shesshekar kuka, da wata tana cewa, “Kada a taɓa ta sai 'ya'yanta sun zo.” Na ce a raina, oh ni 'yasu, wa ya mutu ban ji ba? Har na yunƙura zan tambaya, sai na ji Amarya:

“Allah ya jiƙan Ma'u. Jiya-jiyan nan muka rabu.”

Ku faɗa min gaskiya, ku da kuke shirin zagina. Mutum ya ƙare rayuwarsa yana jin abin da ake faɗa a bayan kowa, yau Allah ya ba shi damar jin nasa, sai ya tashi? Na koma na lafe. Na ja numfashin Hussaina, a hankali ta hanci, siriri, yadda ko mayafin bai motsa ba.

Da fari yabo aka yi ta yi, har na fara jin daɗin mutuwar. Mai kyauta ce, ƙulinta ba algus, ba ta taɓa hana aron turmi ba. Can sai muryoyin suka yi ƙasa.

“Sai dai baki.”

“Ke dai bari. Allah ya yafe mata, amma unguwa za ta huta.”

“Ashe auren Ajingi ba rabo.”

“Tsofai-tsofai da ita! Ina jin zumuɗin ne ya buga mata zuciya.”

Na gane muryar kowa, kuma na adana. Amarya ta fyace hanci ta ce, “Babban kaskon suyar nan nata, ta sha ce min in ta mutu nawa ne.” Ƙarya take yi, wallahi! Saura kaɗan in tashi a nan. Na danne. Daga waje ina jin ana shimfiɗa tabarmin maza, ina jin Malam Uthman yana cewa samari su ɗauki diga su yi gaba.

Sai na ji babur ya tsaya da ƙarfi, ya faɗi, ba wanda ya ɗaga shi. Na ji gudu. Wani ya zube a gefena, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar gona a jikinsa. Inuwa ne. Rabon da in ji kukan yaron nan tun ranar da aka yi masa kaciya.

“Inna,” in ji shi, “Inna ki yafe min. Abu ɗaya kika taɓa roƙona na hana ki. Wallahi da na sani da na bar ki kin yi aurenki.”

Zuciyata ta karye, ba wasa. Na ce Asama'u, kin yi girman banza, ya isa haka. Amma bakina bai taɓa shawara da zuciyata ba. Daga ƙarƙashin mayafi na ce:

“Ɗaga murya, shaidu ba su ji ba.”

Jama'a, ban san matan unguwarmu na da lafiya haka ba. Wadda take cewa ƙafa ta hana ta zuwa Islamiyya, ita ta fara kaiwa zaure. Wata ta haye turmi. Amarya ta shige akurkin kaji rabi, rabi a waje, tana ta kalmar shahada. Na yaye mayafin na zauna, na ce, “Amarya, kaskon nawa ne, fito.”

Daidai nan Hussaina ta shigo a guje da fararen kayan aikinta, ido jawur. Ta kalle ni, ta kalli tabarma, ta kalli mayafi, sai ta dafe kai. “Inna, kwanciyar hutu kika yi?”

“Ita ce.”

“Wayyo Allah. Masu abin ma kwanciyar gawa suke ce mata, na ɓoye miki ne don kada ki ƙi.”

Malam Uthman ya tsaya a bakin zaure ya wanke ni tas. Ya ce mutuwa ba abar wasa ba ce, na tayar da hankalin bayin Allah, in nemi gafara. Na ce na tuba, kuma har raina na faɗa. Aka tura a dawo da masu diga, an ce ramin kabarin har ya kai gwiwa.

Inuwa kuwa ya share fuska da hularsa, ya miƙe, ya haɗe rai kamar bai taɓa kuka ba.

Na ce, “To, an dai ji abin da ka ce.”

“Da gawa na yi magana, ba da ke ba.”

“Kai yaro, ka ji tsoron Allah!”

“Sharaɗina yana nan, Inna.”

Ana cikin wannan sai muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Kowa ya tuna da masu haƙa, ba wanda ya tuna da Ajingi.

Wata tsohuwa ce ta fara shigowa, 'yar firit, baƙa, da sanda, mata biyu na riƙe da ita. Ba sai an gaya min ba, Gaji ce. An ce rabonta da fita daga Ajingi an manta, amma ta ce tunda ƙaninta ya so matar, za ta zo ta ga fuskarta ko da a makara ne. A bayanta Malam Abdulmuttalib, hula a karkace, takalmi wari da wari, ido ya kumbura, ya rungume wani ƙunshi a ƙirji. Maza na ta ce masa “Malam tsaya ka ji”, bai ji ba, ya kutso har tsakar gida.

Muka haɗa ido. Ya ce, “Hajiya...” ya yanke, kamar saƙonsa na waya. Ya sulale ya zauna daɓas a kan tabarmar mata. Ƙunshin ya warware. Farin yadi ne, sabo fil, da kwalbar turare. A kasuwa labarin ya same shi, ya bar buhunan gyaɗarsa a buɗe ya je ya yanko min likkafani, mai tsadar kuwa. Ku ji fa, 'yan mata masu jiran akwati: kayan farko da bazawarina ya kawo gidanmu ke nan.

Aka sa wa Gaji kujera. Ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa.

“Ke ce gawar?”

“Ni ce, Yaya.”

“To tunda kin fasa, ba a gaisuwa a Gaya ne?”

Matan da suka gudu duk sun dawo, har da ƙari, wasu a kan katanga. Inuwa ya harɗe hannu. Hussaina ta matso za ta kama ni, na girgiza mata kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na juya gefe, na dafa ƙasa, na kafa ƙafar dama, na miƙe daga tabarma. Wannan na saba. Na gyara ɗaurin zanina na atamfa mai ganye-ganye, na taka har gabanta. Na ja numfashi, na sake shi a hankali, ina sauka tare da shi. Gwiwar hagu ta yi ƙararta, Amarya ta ce “Innalillahi”. Sai ga ni a ƙasa, gwiwa biyu.

“Ina wuni, Yaya.”

Tsohuwar nan muguwa ce, na yaba mata. Ta san sauka ba wuya, daɗewar ce aiki. Ta amsa, sannan ta fara jan gaisuwa. Ina gajiya. Ina damina. Yaya yara. Yaya jikoki. Yaya sana'a. Yaya kaji. Yaya muka ji da tsadar gyaɗa. Yaya mutanen lahira, kin baro su lafiya? Ina amsawa, cinyoyina na rawa kamar mazari, gumi na bin bayana. Ba abin da nake riƙe da shi sai numfashin nan, shiga, fita. Da ta rasa abin tambaya sai ta sake komawa kan kaji.

Can ta ce, “To madalla. Tashi.”

Ba gado, ba bango, ba turmi a kusa. Na kafa ƙafar dama a gaba. Na tuna zama da tashin kujerar nan da na tsana. Na ce bismillah, na taka ƙasa da dukkan tafin ƙafata kamar ina bin ta bashi, na tura. Na yi tangaɗi sau ɗaya, Inuwa ya zaburo, na ce, “Kul!” Sai ga ni a tsaye, hannuwana a jikina.

Hussaina ta manta da kunya ta rangaɗa guɗa. Inuwa ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi sama tana nazarin darbejiya. Ya sauke numfashi ya ce, “Na faɗa a gaban mutane. Ba zan tashi magana ba.”

Gaji ta buga sandarta. “Muɗallabi, tashi ka gode wa ɗanta.”

Malam Abdulmuttalib ya yunƙura. Ya koma. Ya dafa ƙasa ya sake yunƙurawa, ƙugunsa ya ce bai san zancen ba. Ya kama bakin turmi, turmin ya gangaro. Ashe bawan Allah a kan buhu yake zama a kasuwa, a kan benci yake salla, ba wanda ya taɓa gaya min. Ni mai labarin kowa!

Gaji ta dube ni, idonta na ƙyalli. “To kin ga kayan da idonki. Ke kin tashi, shi ga shi nan. Har yanzu kina so?”

Na sunkuyar da kai na ja mayafi, wai ni kunya. Sai Malam Uthman ya yi gyaran murya daga zaure. “Inna Ma'u, shirun budurwa ne yarda. Bazawara sai ta furta da bakinta.”

Ku ji ikon Allah. Bakin da bai taɓa rufuwa ba a Gaya, yau ya ƙi buɗuwa. Na dubi matan kan katanga, duk wadda na taɓa ɗaukar labarinta ta baza kunne. Na dubi Malam Abdulmuttalib a ƙasa, ya ɗago kai yana kallona, likkafanina a cinyarsa, hawaye bai gama bushewa a gemunsa ba. Inuwa da wani saurayi suka kama shi ta hammata suka fizga, ya ce “Wash!”

Ban san lokacin da na daka musu tsawa ba. “Kai! Ku ɗaga min shi a hankali, kada ku karya min kaya!”

Malam Uthman ya ce, “An furta. Fatiha.”

Ana shafawa, Gaji ta yafito ɗaya daga cikin matan da suka riƙo ta. “Je ki mota ki ɗauko min ƙullin kayana, ki ce wa direba su tafi. Ni ba inda za ni sai matar nan ta nuna min abin da ta yi wa gwiwarta.” Ta juyo gare ni. “Ina ɗakin naki? Ni a bakin bango nake kwana, kuma ba na son munshari.”

Jama'a, ɗakina ɗaya ne, gadona ɗaya.